Wai da gaske mai haƙuri yakan dafa dutse?

Ƙanin wani: Slm jama'a. Jiya mun yi sa'insa da yayana akan ginin da mahaifinmu ya bari, shekara huɗu kenan harsashi na nan a buɗe, duwatsun da aka sauke har ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Nace yaya ko dai mu tashi mu gina ko mu sayar, sai ya kalle ni yace "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa". Raina ya ɓaci nace masa dutse dai ba ya dahuwa, ko shekara ɗari zaka yi kana iza wuta ruwan ne zai ƙone ya bar ka da dutsenka. Tun daga nan bai ƙara ce min uffan ba. Don Allah maganar nan zama take nufi ko aiki? Don ni ina ganin fakewa kawai ake yi da ita.

Baba magini: Yaro ka yi kuskure wuri ɗaya, dutse yana dahuwa sarai. Simintin da za ku yi ginin da shi ai dafaffen dutse ne. Dutsen farar ƙasa ake niƙawa a haɗa da yumɓu a zuba cikin wani ƙaton murhu mai juyawa, zafi wajen digiri 1,450, ya fito curi-curi a sake niƙe shi. Wani magini ne a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar sunan irin wannan simintin a 1824. Kafin nan kuma ƙona dutsen ake yi a zafi kamar 900, in ya huce ka zuba masa ruwa sai ka ga yana tafasa da kansa yana huci ba wuta a ƙarƙashinsa, ni na gani da idona har ya taɓa cin fatar hannuna. To ga romo nan, amma fa mai iza wuta ne yake samu.

Malamar tarihi: Baba ya yi gaskiya, kuma abin ya girmi siminti nesa ba kusa ba. A Pinnacle Point, bakin teku a Afirka ta Kudu, an gano cewa sama da shekara 70,000 da suka wuce mutane na gasa wani irin dutse kafin su fasa shi, don in ya sha wuta ya fi ɓarewa yadda ake so kuma bakinsa ya fi kaifi. Kafin a san tukunya ma a wurare da dama dutse ake ƙonawa ya yi ja sai a jefa shi cikin ruwan da ke cikin fata ko kwanon itace har ya tafasa. Kayan aikin dutse mafi tsufa da aka samu kuwa na Lomekwi ne a Kenya, wajen shekara miliyan 3.3.

Ba a cuce ni ba: Miliyan uku malama? Wa ya zauna ya ƙirga don Allah

Malamar tarihi: Tokar dutse mai aman wuta da ke kwance a saman wurin da ƙasansa ake aunawa ɗan'uwa, ita ke nuna shekarun.

Ɗalibin zaure: Ni kuma a wa'azi na ji ta, kuma malamin juya ta ya yi. Ya kawo labarin da ake bayarwa na Sayyidina Umar yana zagayen dare ya tarar da wata mata ta ɗora tukunya yaranta na kuka, ashe ruwa ne da duwatsu a ciki, tana yi musu dabara ne har barci ya ɗauke su. Bai tsaya yana ce mata ta yi haƙuri ba, komawa ya yi ya ɗauko buhun gari a bayansa, hadiminsa yace kawo in ɗaukar maka ya ƙi. Malam yace duk inda ka ga talaka na dafa dutse to akwai wanda za a tambaya gobe kiyama.

Ba a cuce ni ba: Ai shugabannin yanzu su ne ke rabon duwatsun ma, tukunya ce kawai za ka kawo 😂

Direban tifa: Wlh kuwa. Su zo da jerin motoci da jiniya, a ba mutum cokalin magina sabo fil ya ɗora dutse ɗaya a yi hoto a tafa, shikenan sai wani zaɓen a dawo a sake aza harsashi a wuri ɗaya. Ga mutanen Babbar Zimbabuwe, wani tsohon birni a ƙasar Zimbabuwe, can sun jera katanga mai tsayin mita 11 ba siminti ba laka, dutse kan dutse kawai, ɗaruruwan shekaru tana tsaye, su kuwa kwalbati ɗaya ba ta ganin damina biyu.

Jikar Inna: Ku bari in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta, don ni duk sanda na ji karin maganar nan ita nake gani. Kakanmu ya rasu ya bar ta da yara biyar da ɗaki ɗaya, ta so ta ƙara wani sai aka tarar da wani ƙaton dutse kwance daidai inda za a haƙa harsashin, maza uku suka zo da guduma suka wuni suna dukansa sai tartsatsi kawai, suka ce ta haƙura ta canja wuri, ita kuma babu wani wurin. Sai ta shiga tara itace, ita da babata da ke 'yar shekara tara a lokacin, sati guda suna tarawa. Da dare ta jibga a kan dutsen ta cinna, ta kwana zaune tana izawa, da asuba ta ja garwashin gefe ta kori yara ciki ta sheƙa masa ruwan sanyi. Babata tace ƙarar da ya yi har kaji suka watse. Amma fa ɓawo ɗaya ne kawai ya tashi, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba. Haka ta riƙa yi, ta tara ta ƙona ta zuba ta ɓamɓare, maƙwabta na cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai. Rana ɗaya wani ɓalli ya yi tsalle ya tsaga mata ƙwauri, tabon na nan fari har ta tsufa, muna yara mukan sa yatsa muna bin sa. Ta kusa wata uku kafin dutsen ya ƙare, kuma da ɓaraguzansa aka cika harsashin ɗakin. Wani faffaɗa guda ta ajiye ya zama dutsen niƙanta, in ya yi santsi ta ɗauko ƙaramin dutse mai tauri ta dandaƙa fuskarsa ya sake kaushi, lokacin da na yi wayo tsakiyarsa ta lotsa har ruwan sama na kwanciya a ciki. Abin da ya sa na kawo, ban taɓa ji ta faɗi wannan karin maganar ba ko sau ɗaya, in wani ya faɗa a gabanta ma sai ta kawar da kai.

Baba magini: Allahu akbar, Allah ya yi mata rahama 'yata. Abin da ta yi da shi masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai suka yi aiki dubban shekaru kafin nakiya ta zo. Saman ya buɗe da zafi, cikin na nan da sanyi, ruwa ya sa ya tsuke farat ɗaya, dole ya tsage.

Ɗalibin zaure: To kun ga ai ta tabbatar da maganar.

Jikar Inna: Anya malam? Ita fa cewa aka yi ta haƙura ta ƙi.

Direban tifa: Haƙuri biyu ne kenan, da na barin abu da na naci. Hajiya dutsen niƙan yana nan har yanzu?

Jikar Inna: Yana wurin ƙanwar babata, an yi rigima a kansa ma wajen rabon gado fiye da yadda aka yi a kan awaki.

Uwar biyu: Ni dai kada a yi wa yayan nan hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba, wataƙila shi ke ɗauke da gidan gaba ɗaya kai ba ka sani ba ƙanina, kuɗin gini ba ya fitowa daga faɗa. Ka je ka ba shi haƙuri tukuna.

Ba a cuce ni ba: Haƙurin dai again, yanzu shi kuma yayan ne zai dafa 😂

Ƙanin wani: Anti na ji, zan same shi bayan isha in Allah ya yarda. Amma har yanzu ba ku ce min komai ba fa, zama ne ko aiki? Baba magini wata tambayar, duwatsun da suka shekara huɗu a waje ruwa na dukansu za su yi harsashi ko sai an sake saukewa?

Baba magini: Ya danganta da irinsu. Ɗauki biyu ka gwara su, in ka ji ƙara tas kamar ƙarfe suna nan lafiya, in kuwa ka ji bus ko yana marmashewa a hannu to ajiye shi gefe. Turo hoto da safe in gani, ka haɗa da ramin harsashin don shi na fi jin tsoro.