Rautar Cisco 2911 ta ƙi komawa layin ajiya idan faiba ta yanke

Mai_Kebul_Arkilla

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina neman a haska mini hanya kan rautar bakin iyaka, wato na'urar da ke haɗa cikin gida da intanet, ta wata cibiyar kwamfuta a nan Sakkwato. Cisco 2911 ce ta hannu, tana kan IOS 15, manhajar Cisco da ke tafiyar da ita, kuma ta layin umarni nake saita ta. Ƙofar Gi0/0 faiba ce mai tsayayyen adireshi, bari in sa 203.0.113.2/30 a madadin na gaskiya, ɓangaren kamfani kuma 203.0.113.1. Gi0/1 na Starlink ne, intanet ta tauraron ɗan'adam, shi ne layin ajiya, da DHCP (tsarin raba adireshi kai tsaye) yake karɓar adireshi. Gi0/2 cikin gida ne, 192.168.10.0/24, kwamfutoci kusan 120. Ga abin da ke ciki:

ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 203.0.113.1
ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 GigabitEthernet0/1 dhcp 10
ip nat inside source list 10 interface GigabitEthernet0/0 overload

Idan na zare kebul ɗin faiba da hannuna, show ip route yana nuna hanya ta koma Gi0/1, amma ko kwamfuta ɗaya ba ta samun intanet. Idan kuwa faibar ta yanke ne can nesa, hanyar ma ba ta motsawa. Sannan duk ranar da wuta ta daɗe har batir ya ƙare, rautar sai ta tashi fayau kamar sabuwa, alhali na yi write memory. Ina kuskuren yake?

Injiniya_Runjin_Sambo

Wa alaikumus salam Malam. Cuta uku ce daban-daban, kowacce da maganinta. Zan ɗauki ta tsakiya, don ita ce mutane suka fi faɗawa.

Rautarka ba ta san komai game da intanet ba. Abin da ta sani kawai shi ne ko akwai sigina a ƙofar Gi0/0. Tsakaninta da faibar akwai ƙaramin akwatin kamfani, kuma muddin akwatin nan yana kunne, ƙofar za ta ci gaba da nuna up/up ko da motar haƙa ta datse faibar a hanyar Gusau. Tsayayyar hanya tana da lambar fifiko 1, taka ta ajiya tana da 10, kuma ƙaramar lamba ce ke cin zaɓe. Ta ajiyar ba za ta shiga tebur ba sai ta farko ta fita, ita kuma ta farko ba abin da zai fitar da ita. Saboda haka sai ka ba rautar ɗan aike da zai riƙa leƙawa waje yana kawo labari:

ip sla 1
 icmp-echo 9.9.9.9 source-interface GigabitEthernet0/0
 threshold 1000
 timeout 2000
 frequency 5
ip sla schedule 1 life forever start-time now
track 1 ip sla 1 reachability
 delay down 15 up 60
no ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 203.0.113.1
ip route 0.0.0.0 0.0.0.0 203.0.113.1 track 1

Ka bi jerin yadda na rubuta shi. Asalin threshold da timeout duk 5000 ne na milisakan, kuma IOS ba ya yarda timeout ya gaza threshold, don haka idan ka fara da timeout 2000 zai ƙi karɓa. Shi kuma delay, down 15 yana hana rautar tsalle saboda ɓatan fakiti ɗaya ko biyu, up 60 yana sa ta jira minti guda ta tabbatar faibar ta dawo da gaske. Masu gyaran faiba sukan haɗa su sake rabawa sau da yawa kafin su rufe rami, ba ka son ɗaliban da ke kan aiki su yi ta bin wannan rawar.

Kada ka auna 203.0.113.1. Sau da yawa wannan adireshin yana cikin gari ne, zai yi ta amsawa alhali abin da ke bayansa ya mutu.

Saura tarko ɗaya. Da zarar hanya ta koma Starlink, ɗan aiken naka ma zai bi sabuwar hanyar. Ko dai ya samu amsa ya yi wa rautar ƙaryar cewa faiba ta dawo, ta koma, ta sake faɗuwa, a yi ta kai da kawo, ko kuma ya kasa gane ranar da faibar ta dawo. Sai ka ɗaure shi a ƙofa guda:

ip route 9.9.9.9 255.255.255.255 GigabitEthernet0/0 203.0.113.1
ip route 9.9.9.9 255.255.255.255 Null0 250

Layi na biyu yana zubar da fakitin idan ƙofar ta mutu ɗungurungum. Abin da wannan ke nufi shi ne adireshin da ka zaɓa ba zai samu ga kowa ba a lokacin yankewa, don haka kada ka zaɓi wanda kwamfutocinka ke amfani da shi a matsayin DNS, wato mai juya sunan shafi zuwa adireshi. Shi ya sa ban sa 8.8.8.8 ba, rabin kwamfutocin garin nan shi aka cusa musu.

Kafin komai, buga ip sla ? a yanayin saiti. Idan ba ka ga damar sa lambar gwaji ba, sai responder da 'yan uwansa, to lasisin na'urar ne bai kai ba, ka duba show license. Bayan ka gama, show track da show ip sla statistics za su nuna maka ko ɗan aiken yana dawowa da OK.

Dan_Mabera_IT

Injiniya ya gama da batun hanya, amma hwa ko an yi wanga duka, yaran ba su ganin intanet sai an gyara NAT, wato musanya adireshin cikin gida da na waje da rauta ka yi ma fakiti. Dubi layinka na ukku, Malam. Ka ce ma rauta duk wanda zai fita ta liƙa mashi adireshin Gi0/0. Fakiti ya fita ta Starlink ɗauke da adireshin kamfanin faiba, ko kuma ya fita da 192.168.10 tsirara in ba ka sa ip nat outside ga Gi0/1 ba. Ko wane ne cikin biyun, amsa ba ta dawowa.

Kuma kada ka ce bari in ƙara layi na biyu da list 10 ɗin nan zuwa Gi0/1. IOS ba shi aje biyun, sabon shi ka maye gurbin tsohon. Da route-map a kan raba su:

access-list 10 permit 192.168.10.0 0.0.0.255
route-map NAT-FAIBA permit 10
 match ip address 10
 match interface GigabitEthernet0/0
route-map NAT-AJIYA permit 10
 match ip address 10
 match interface GigabitEthernet0/1
ip nat inside source route-map NAT-FAIBA interface GigabitEthernet0/0 overload
ip nat inside source route-map NAT-AJIYA interface GigabitEthernet0/1 overload

Gi0/0 da Gi0/1 su samu ip nat outside, Gi0/2 ip nat inside. Lura da 0.0.0.255, juyayyen maski ne, in ka rubuta 255.255.255.0 nan wurin ka kama wasu adireshi daban. Wajen cire tsohon layin kuma rauta za ta ce ana amfani da shi, sai ka buga clear ip nat translation * ka cire shi nan take kafin tebur ya sake cika, ko ka rufe Gi0/2 na ɗan lokaci in kana zaune gabanta.

Akwai sauran abu guda. Haɗin da anka riga anka buɗe kafin yankewa shina nan cikin teburin NAT da tsohon adireshi, kuma na TCP asalin wa'adinshi sakan 86400 ne, kwana guda cur. Shi ya sa wani shafi ke buɗewa wani ya sandare. Bari rauta ta share da kanta:

event manager applet SHARE-NAT
 event track 1 state any
 action 1.0 cli command "enable"
 action 2.0 cli command "clear ip nat translation *"

Batun Starlink kuma, in ba ka sa rautarsu cikin yanayin bypass ba, wanda ka sa ta wuce da layi kai tsaye ga taka rautar, 192.168.1 za ta ba ka, NAT ya zama hawa biyu. Shina aiki, sai dai ka tabbatar babu wani sashe na cikin gidanka mai wagga lamba. Ko ka yi bypass ɗin, ƙaramin tsarin biyan kuɗi na Starlink adireshi za shi ba ka daga 100.64.0.0/10, wanda kamfani ke raba ma mutane da yawa bayan NAT nashi. Ke nan in kana da kyamara ko saba (server) da ake shigowa daga waje ta faiba, ranar da anka koma ajiya ba a shigowa. Wanga ba kuskuren saitinka ba ne, kada ka ɓata dare kana nema.

Mai_Kebul_Arkilla

Allah ya saka da alheri. Na gwada na NAT da kebul a zare, kwamfutoci sun fita. Na kuma duba show version saboda batun ɓacewar saiti, layin ƙarshe yana cewa Configuration register is 0x2142. Yana da alaƙa?

Hajiya_Network

Shi ne ma dalilin gaba ɗaya, ɗan'uwa. Lambar da ta dace ita ce 0x2102. Ita 0x2142 tana umartar rauta ta tashi ba tare da karanta startup-config ba, ana sa ta ne idan za a karya kalmar sirrin da aka manta. Masu sayar da na'urorin hannu suna yin haka don su buɗe ta, sai a manta ba a mayar ba. Ajiyar da ka yi tana nan lafiya a NVRAM, ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, tsallake ta kawai ake yi.

configure terminal
config-register 0x2102
end
copy running-config startup-config

Show version zai nuna maka cewa sabuwar lambar za ta fara aiki a tashi na gaba. Amma ka kiyaye wannan: idan ka tarar da ita ta riga ta tashi babu komai, kada hannunka ya yi saurin buga write memory, don za ka shafe saitin kirki da fanko. Fara da copy startup-config running-config, sannan ka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da no shutdown, domin a rufe za ka same su, sai ka gyara lambar ka ajiye.

Tunda kuma za ka taɓa babbar hanyar fita, idan ta SSH (hanyar shiga na'ura a ɓoye) kake shiga daga nesa, layin no ip route ɗin da Injiniya ya ba ka zai iya yanke reshen da kake zaune a kai. Ka ajiye saitin da ke aiki tukuna, sannan ka buga reload in 10. Yi canjinka. Idan komai lafiya, reload cancel sannan ka ajiye. Idan ka kulle kanka a waje, bayan minti 10 za ta sake tashi da tsohon saiti, ba sai ka hau kabu-kabu da tsakar rana ba. Sai dai wannan dabarar ba ta da amfani sai ka gyara 0x2142 ɗin, in ba haka ba fanko za ta tashi. Masu Juniper suna da commit confirmed, masu EdgeRouter commit-confirm, MikroTik kuma Safe Mode, duk manufa ɗaya ce. Kebul ɗin console mai ruwan bula ya zauna kusa da na'urar kullum, gudun 9600, 8N1.

Ƙofar da ke fuskantar duniya da adireshin jama'a kuma ba a barinta da telnet, tsohuwar hanyar shiga da ba ta ɓoye kalmar sirri. Sa hostname da ip domain-name, sai crypto key generate rsa modulus 2048, ip ssh version 2, no ip http server, a ƙarƙashin line vty 0 4 ka sa transport input ssh da login local da access-class mai ƙyale adireshin masu kula kaɗai. Ka ƙirƙiri username da secret kafin login local, kar ka rufe ƙofa da makulli a ciki. Idan za ka ɗora ACL (jerin dokokin ƙyalewa da hanawa) mai shigowa a Gi0/1, ka tuna kowane ACL yana ƙarewa da hani ga komai wanda ba a rubuta shi, don haka sai ka ƙyale UDP daga 67 zuwa 68, in ba haka ba ranar da wa'adin DHCP ya ƙare layin ajiyar zai mutu shiru, ba za ka sani ba sai ranar buƙata.

Injiniya_Runjin_Sambo

Hajiya ta yi daidai. Bari in gyara wani abu a nawa: adireshi ɗaya bai isa a dogara da shi ba, don manyan sabobin DNS sukan rage amsa ping idan sun ga dama, sai rautarka ta bar faiba mai lafiya ta tafi tauraro. Yi ip sla 2 zuwa wani adireshi na wani kamfani daban, ka ɗaure shi a Gi0/0 kamar na farko, ka yi masa track 2, sai ka haɗa su:

track 10 list boolean or
 object 1
 object 2
 delay down 15 up 60

A nan sai duka biyun sun yi shiru kafin a ce layi ya mutu. Mayar da delay ɗin kan track 10 kaɗai, ka cire shi daga na 1, kada jiran ya ninku. Hanyar fita da applet ɗin Ɗan Mabera duk su koma kallon track 10.

Gwajin gaskiya kuma ba zare kebul ɗin rauta ba ne, wannan ka riga ka ga yana aiki. Bar Gi0/0 a haɗe, ka zare igiyar faibar daga bayan akwatin kamfani, ka buɗe terminal monitor kana kallon agogo. Cikin sakan 20 zuwa 25 ya kamata ka ga track ya faɗi. Don lokutan da ke cikin log su yi ma'ana, sa clock timezone WAT 1 0 da ntp server da service timestamps log datetime localtime.

Dan_Mabera_IT

Ƙari kaɗan tunda bazara na tahe. Ita 2911 iyakar zafin aikinta digiri 40 ne, mu kuwa nan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka, balle ɗakin kwano da anka rufe. Buga show environment ka ga zafi da gudun fanka. Ƙurar hunturun da ta wuce tana nan cikin ramukan iska, a kashe ta a hure da abin busa, kada a bari fanka na juyawa da ƙarfin iskar. Kuma akwatin faiba da na Starlink su hau inbata ɗaya da rautar. In rautar kaɗai ke kan batir, wuta na ɗaukewa track zai faɗi, ta juya zuwa Gi0/1 ta tarar shi ma babu kowa.