Tun da na canja salansar motata ke zuƙar mai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman makanikai. Corolla 2008 nake haya da ita tsakanin Agege da Ikeja. Salansata ta huje, wani mai walda ya sa mini babba, ya kuma cire tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi, wai injin zai samu numfashi, shan mai ya ragu. Wallahi akasin haka na gani. Lita 20 da ke kai ni kwana biyu yanzu da ƙyar take yini da rabi. Fitilar gargaɗin inji ta kunnu a dashbod, ga warin ɗanyen fetur a gosulo, bakin salansar ya yi baƙi ƙirin. Na canja fulogi, shiru. Sensar oksijin (na'urar da ke auna iskar hayaƙi) ce ta rikice, ko in nemo salansa tokumbo a kasuwar kayan mota ta Ladipo? Ku taimaka, cinikina duk a gidan mai yake ƙarewa.