Neman izinin zubar da ruwan masana'antar jima: me ke sa a dawo da takarda?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masana'antar jimar fata da za ta nemi izinin sakin ruwan da ta gama aiki da shi, me ya kamata ta fara tanada? Kuma me ya fi sa hukumar muhalli ta dawo da takardar?

Injiniyan ruwa: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa fom, zana taswirar masana'antar, ka nuna kowace magudana da inda take zubarwa. Sai lissafin ruwa. Idan ka rubuta lita dubu 100 ke shiga kullum, dubu 40 ke fita, dole a tambaye ka ina sauran suka shige. Sa mita a bututun shiga da na fita, kada ka yi kirdado. Tankunan sinadari kuma a kewaye su da katangar da za ta riƙe kashi 110 cikin ɗari na tanki mafi girma.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, wajen ɗiban samfur aka fi yin tuntuɓe. Ruwan jima yana canzawa daga awa zuwa awa, don haka kwalba ɗaya da aka ɗiba da safe ba ta nuna gaskiya. A riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon awa 24, a haɗa. Na gwajin BOD, wato awon iskar oksijin da ƙwayoyin cuta ke sha wajen cinye dattin ruwa, a ajiye shi cikin ƙanƙara, kusan digiri 4, ya isa ɗakin gwaji kafin awa 48. In ya kwana cikin zafi, ƙwayoyin cuta sun riga sun cinye wani ɓangare na dattin, sakamakon ya fito ƙasa da yadda yake. Ranar da jami'in hukuma ya ɗebi nasa, asiri ya tonu. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a wurin ake yi, cikin minti 15. Na maiƙo kuwa sai a kwalbar gilashi. Ka nemi ɗakin gwaji mai shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta ƙasa da ƙasa.

Mai duba masana'antu: Ni abin da ya fi damuna shi ne haɗa magudana. Ruwan cire gashi yana ɗauke da sinadarin salfaid, na kuromiyam kuma, wato ƙarfen da ake jeme fata da gishirinsa, mai tsami ne. Suka haɗu, sai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi. In ta yi yawa hanci ya daina jin ta, kuma tana kashe mai shiga rami don yasa. A raba su tun daga tushe. Na kuromiyam a ɗaga pH ɗinsa zuwa wajen 8 ko 9, ƙarfen ya kwanta a ƙasa, a kwashe, a bayyana a takarda inda za a kai laka.

Kowace ƙasa da iyakar dattin da ta yarda a saki cikin ruwa, amma jagorar Bankin Duniya ta 2007 kan jima ta sa BOD miligiram 50 a lita, kuromiyam 0.5, salfaid 1. Kuma don Allah kada a tsarma da ruwa mai tsabta don a cika sharaɗi, lissafin ruwan nan zai nuna.