Tsara birane, awon ƙasa ko Jogirafi: wanne zan cike a JAMB?

Maryam, Tudun Jukun: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Zan cike fom ɗin JAMB, kuma ABU nake so. Ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Jogirafi, Ikonomiks da Kemistiri, amma Fiziks fas kawai na samu. Ina son aikin taswira. A gida an ce in nemi karatun safiyo, wai shi ke da kuɗi, wasu kuma sun ce duk abu ɗaya ne da tsara birane. Don Allah mene ne bambancinsu, kuma me zan tanada?

Malam Shehu, Samaru: Wa alaikumus salam 'yata. Ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya gaya miki haka bai taɓa kai takardar gini wajen neman izini ba. Safiyo shi ke auna fili, ya kafa siminti a kusurwoyinsa, ya ce daga nan zuwa nan ne naka. Karatunsa shi ake kira Jiyomatiks, shekara 5, kuma hukumar SURCON ke ba shi rajista. Mai tsara birane shi ke cewa me za a yi da filin: nan gidaje, nan makaranta, nan hanya mai faɗi kaza, ruwan sama ya bi ta nan. Shi ma shekara 5 ne, rajistarsa a wajen TOPREC, wadda aka kafa a 1988, ƙungiyarsu kuma NITP. Jogirafi shekara 4 ne, ana koyon taswira da hoton tauraron ɗan'adam sosai, amma digirin shi kaɗai ba zai ba ki hatimin ko ɗaya daga cikin biyun ba. To ki fara tambayar kanki hatimin wa kike so ki riƙa bugawa. Da fas a Fiziks, ƙofar Jiyomatiks a rufe take sai kin sake zana WAEC ko NECO. Tsara birane ya fi dacewa da takardarki, amma ki buɗe kundin JAMB na bana ki karanta sharuɗɗan ABU da idonki kafin ki zaɓi darussa huɗun. Kada ki bar mai shagon intanet ya zaɓar miki.

Anti Rabi, Sabon Gari: Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da ake yi a ciki, don kwas ne na sitidiyo, ba na hadda ba. Za a raba ku rukuni a ba ku unguwa, a ce misali wani yanki na Hanwa ko Gyallesu. Ku fara samo taswirar wurin, ku bi gida-gida kuna rubuta amfanin kowane gini, hawa nawa ne, da me aka gina shi, ina lambatu ya bi kuma ina ya toshe. Ku ƙirga motoci da babura a mahaɗa, safe da yamma. Sannan ku zana halin da wurin yake ciki, ku zana gyaran da kuke ba da shawara, ku kafe a bango malamai su yi ta yi muku tambayoyi.

Ga irin lissafin da ke kayar da ɗalibai. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, murabba'in mita 450 ne. In kin raba kai tsaye za ki samu 22, kuma irin rabon da dillalan fili ke so ke nan. Amma in kin ware kamar kashi 30 cikin ɗari don hanyoyi, magudanai da filin jama'a, saura 7,000, fuloti 15 ke nan. Waɗannan bakwai da suka ɓace su ne hanyar motar kashe gobara da wurin da ruwan Agusta zai bi. Kuskure na biyu shi ne zana hanyoyi ba tare da duba layukan tudu da kwari ba. Duk filin da ya gangara wajen kogin Kubanni ko na Galma, ruwa ne zai fara gaya miki inda hanya za ta bi.

Kaya: rula mai sikeli, rular T, takardar kwafi mai shara-shara, takarda A1, alƙaluman zane 0.2 da 0.5. A sikelin 1:1000, santimita ɗaya a takarda mita 10 ce a ƙasa. Ki haddace wannan tun yanzu.

Usman, Kwangila: Anti ta gama magana, sai dai kada ki kashe kuɗi da yawa a kan kayan zanen hannu. Kwamfuta ce jarin gaske: RAM 8 GB mafi ƙaranci, 16 in da hali, da SSD, da batir mai riƙe caji saboda halin wutarmu. Ki sauke QGIS, manhajar yin taswira, kyauta ne, ki fara da shi kafin manhajojin ArcGIS da AutoCAD. Hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 da Landsat ma kyauta ne, amma na farko kowane ɗigo mita 10 ne, na biyu mita 30. Sun isa ki ga yadda gari ya cinye gonaki a hanyar Shika, ba su isa ki ga katangar gida ba.

Maryam: Na gode ƙwarai. Yaya Usman, ba zan iya ɗaukar lambobin wuri da GPS na waya ba? Kuma Baba Malam, ina ake samun aiki bayan an gama?

Usman: Don aikin aji, kamar nuna inda rijiyoyin burtsatse ko bola suke, ya isa. Don iyakar fili, a'a: waya kan kauce da mita 3 zuwa 5, fiye da haka a lungunan cikin birni, kuma wannan ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa. Ki kula da wani tarko. Waya tana aiki da ma'aunin duniya mai suna WGS 84, tsofaffin takardun awo na Najeriya kuma da ma'aunin Minna aka yi su. In kika ɗora ɗaya kan ɗaya ba ki juya ba, komai zai goce da gomman mitoci, ki ga fuloti a tsakiyar titi. Zariya tana shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya. A QGIS lambar WGS 84 ita ce 32632, ta Minna 26332. Kafin ki zana ko layi ɗaya, ki duba wacce ke ƙasan allo.

Malam Shehu: A jihar nan ta Kaduna akwai KASUPDA mai ba da izinin gini, da KADGIS mai rajistar filaye da takardar mallaka. Akwai ma'aikatun gidaje da muhalli, da kamfanoni masu zaman kansu da ke zana shimfiɗar unguwanni da rubuta rahoton nazarin wuri. Gaskiya guraben gwamnati ba su da yawa, wanda ya iya GIS, wato aikin taswira a kwamfuta, da hannunsa shi ya fi saurin samun abin yi. A aji huɗu za ki tafi SIWES, wato koyon aiki a ofis ko kamfani, wata 6. Ki nemi ofishin da ake fita fili, ba inda za a zaunar da ke kina jera fayil ba. Ki karanta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da Dokar Tsara Birane ta 1992, da su za a yi ta tambayar ki har ranar jarrabawar rajista, wadda sai kin gama hidimar ƙasa kin yi aiki a ƙarƙashin mai hatimi za ki zauna mata.