Bakteriyar kwalba: tana sa sabon tankin kifi ya kama kuwa?

Ɗan Agege: Jama'a, masu tankin gilashi, me kuka gani game da bakteriyar nan ta kwalba da ake zuba wa sabon tanki don ta cinye gubar kashin kifi, irin su Tetra SafeStart da Seachem Stability? Aiki ne ko asarar kuɗi?

Malam na Mile 12: Tana aiki, ɗan'uwa, in da ranta ta iso hannunka. Abu mai rai ne, zafi na kashe shi, kwalbar da ta sha rana a kwantena ko a shago sunanta ruwa. Duba ranar ƙarewarta. Fritz TurboStart kuwa sai a firji ake ajiye ta.

Ka fara kashe kulorin in ruwan famfo ne. Girgiza kwalbar sosai, ka juye kan soson filta, ka kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Sai abincinta: amoniya (gubar da kashin kifi ke fitarwa) 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita, kada ta haura 5. Gwaji kullum. Ranar da 2 ppm ta koma sifili cikin awa 24, naitirait (gubar da amoniya ke komawa) ma sifili, tanki ya kama, wato ya shirya karɓar kifi. Da kwalba mai kyau mako 1 zuwa 2 ne, ba ita kuwa 4 zuwa 6.

Hajiya Idi-Araba: Malam, ka bar babbar matsalar Legas a baya: ruwan burtsatse. Da yawansa tsami gare shi, kuma pH (ma'aunin tsamin ruwa) na sauka ƙasa da 6.5 bakteriyar ta yi sanyi, a ɗora wa kwalba laifi. Aikin nata ma ƙara tsami yake. Ƙaramin cokali 1 na bekin soda a lita 50 na gyarawa, ko dakakken ɓawon kawa (dabbar teku mai ɓawo) a cikin filta, shi ya fi daɗewa.

Mai Kifi, Obalende: Gaskiyarki, Hajiya. Ga kuma ɗauke wuta. Filta ta tsaya, iska ta ƙare a soso, aiki ya koma baya. Injin iska mai batir ya fi kwalba ta biyu amfani.

Malam na Mile 12: Kada naitirait ta tsorata ka, Ɗan Agege. Amoniya 1 ppm na haifar da naitirait kusan 2.7 ppm, kuma Nitrospira, bakteriyar da ke cin naitirait, ba ta da saurin yaɗuwa. In naitirait ta wuce 5, canza rabin ruwan, ka rage amoniya.

Hajiya Idi-Araba: In da mai tsohon tanki lafiyayye kusa, a roƙi guntun sosonsa, a kawo shi jiƙe cikin ruwan tankin. Kada a wanke da ruwan famfo.