Yayana zai taho daga Ingila: in sa ya sayo min na'urar Blu-ray ko in tsaya a DVD?

Bazazzagiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Yayana da ke aiki a Ingila zai zo gida hutun ƙarshen shekara. Ya ce in faɗi abin da nake so, amma kada ya wuce fam 150, kuma kada ya cinye masa wuri a jaka, don kowa a gidan ya ba shi sautu. Ni tsofaffin fina-finai nake tarawa, irin baƙi da fari na Japan da Italiya da Indiya, da na magabata daga Senegal da Mali. Abin da nake da shi yanzu na'urar DVD ce 'yar Chana da talabijin inci 32, ba 4K (mai tsananin kaifin hoto) ba. Intanet ɗin unguwarmu ba ya ɗaukar kallon fim, shi ya sa na dogara da faifai.

Ko dai ya sayo na'urar Blu-ray (faifan da ya fi DVD kyan hoto) da faifai uku ko huɗu, ko kuma a bar maganar na'ura ya ƙarar da kuɗin a kan DVD na hannu, waɗanda ya ce suna da arha a shagunan gwanjo na can. Wanda ya taɓa bin ɗaya daga ciki, don Allah ya gaya min yadda ta kaya.

Kanawan Dabo:
Wa alaikumus salam Malama. Ki tafi 4K kai tsaye ki huta. Faifan 4K ba a kulle shi da shiyya, ko daga ina ya fito zai yi. Ni Sony UBP-X700 nake amfani da ita, ban taɓa nadama ba.

Bazazzagiya:
Na gode Malam, amma ai na ce talabijin ɗina ba 4K ba ce, kuma kuɗin ba za su kai ba.

Kanawan Dabo:
Af, na manta da Zage-zagi nake magana. To tunda baƙi da fari kike kallo, ki sayar da mai kalar ma ki ƙara kuɗin faifai.

Ɗan Tudun Wada:
Bakano ke nan, ko fim zai kalla sai ya fara lissafin abin da za a sayar. Malama rabu da shi.

Abban Husna:
Malama, ki ji labarina kafin ki kashe ko sisi. Shekarun baya na ga kamfanin Criterion ya fitar da fina-finan Apu guda uku na Satyajit Ray, daraktan nan na Indiya, a kwali ɗaya, waɗanda asalin faifansu ya ƙone a gobarar wani ɗakin wanke fim a Landan a 1993, aka zauna aka ceto abin da ya ragu aka gyara. Tun ina saurayi nake jin labarinsu. Na jira watan Nuwamba, lokacin da shagon littattafai na Barnes & Noble a Amurka ke karya farashin faya-fayan Criterion zuwa rabi, na sa wani abokina a Amurka ya saya, har da wasu na Kurosawa, daraktan Japan. Na biya wani mai kawo kaya ta kago. Ya ce min sati biyu. Sai da damina ta kusa faɗuwa kayan suka iso, kuma ya ƙara min wasu kuɗi da ba mu yi da shi ba, wai kuɗin fito. Kwalin ya lotse ta gefe ɗaya, ɗan littafin da ke ciki ya sha ruwa. Na ce ba komai, tunda faifan lafiya.

Na saka a na'urata, sai rubutu ya fito a allo cewa wannan faifai ba na shiyyarku ba ne. Duka haka, babu ko ɗaya da ya buɗe. Na kai wa mai gyara, ya ce zai buɗe min ita ta rimot, ya karɓi kuɗi, ya riƙe ta wata guda, ya dawo min da ita yadda take. Daga nan na sake aikawa aka sayo min na'ura daga Amurka, na haɗa ta da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Fim ɗaya na kalla. Na yi tafiya, ƙanena ya zo yana son kallon wani abu, ya zare ta daga taransifomar ya soka a bango. Maiɗakina ta ce ƙara kawai suka ji, sai ƙauri. Yau faya-fayan na nan a durowa, in buɗe in duba in mayar. Kuɗin da na zuba a wannan harka da sun saya min babur a lokacin. Shawarata, kada ki kusanci Blu-ray.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Abban Husna. Masu kawo kayan nan sun ci amanar mutane da yawa. Ni ma injin markaɗe aka kawo min babu murfi.

Kanawan Dabo:
Ƙanen naka fa, yana nan lafiya?

Abban Husna:
Yana nan. Jini ne, ya zan yi da shi.

Injiniya Sabon Gari:
Abban Husna, Allah ya ba da haƙuri, amma abin da ya same ka bai shafi Malama ba. Kai daga Amurka ka sayo, ita Ingila ta ce. Blu-ray shiyya uku ce. A ita ce Amurka da Japan da Koriya, B ita ce Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa da Ostareliya, C kuma Indiya da Chana da Rasha. Ke nan mu da Ingila shiyyarmu ɗaya. Wutarsu 230 ce kamar tamu, filoginsu mai ƙafa uku irin namu, ba ruwanki da taransifoma. Ta Amurka ce 120, shi ya sa taka ta ƙone. Kuma buɗe na'ura ta rimot a DVD yake aiki, Blu-ray yawanci sai an taɓa cikinta, wanda ya karɓi kuɗinka bai san aikin ba.

Malama, abin da za ki gaya wa Yaya shi ne ya juya bayan kowane kwali ya ga harafin B, ko A da B da C tare. Criterion ma tun 2016 suna fitar da bugun Ingila na shiyyar B, sai dai ba duka fina-finansu ba. Sannan na'urar Blu-ray tana cin DVD, ita ta DVD ba ta cin Blu-ray. Ni a ganina ma kada ki ba shi wahalar ɗauko na'ura, ana samun ta hannu a nan Kano kamar dubu 45.

Ɗan Tudun Wada:
Dubu 45 ina? Watan jiya na saya wa ɗan yayata a Kaduna dubu 25, har da rimot.

Ummu Sadik:
Ni kuwa a Abuja dubu 90 aka ce min, kuma mai shagon ya rantse ita ce ta ƙarshe.

Injiniya Sabon Gari:
Ta dubu 25 ɗin nan ka duba bayanta. Kayan kwantena a gauraye suke zuwa, wasu na Amurka ne, sai ka kai gida ka ga abin da Abban Husna ya gani. Ga idon na'urar, in ya gaji sai ta karanta DVD ta ƙi Blu-ray. Wanda zai saya ya tafi da faifansa a gwada a gabansa. Sababbin ma sun fara wuya, Samsung da LG duk sun daina ƙera su.

Tsohon ɗan Plaza:
Yaran nan kuna ba ni mamaki. Mu da muka kalli Mother India da Sholay a sinima, Plaza da Orion da El Dorado, a kan benci, fim na tsinkewa ana ihu ana jira a ɗaura, ba mu taɓa cewa hoton bai fita ba. Labari ake kallo. 'Yata, ki karɓi DVD hamsin maimakon huɗu. Talabijin inci 32 daga nesa, wane bambanci za ki gani? Wanda ya kalli fim hamsin ya fi wanda ya kalli huɗu sanin fim, ko da huɗun nan da zinare aka yi su.

Ɗalibin Jos:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Ba yawan ɗigon hoto kaɗai ba ne, daga ina aka kwafo fim ɗin shi ne magana. Tsofaffin DVD da yawa daga gajiyayyen kwafi aka ɗauko su, duhun ya cushe, an yanke gefen hoto don ya cika tsohuwar talabijin, fassarar ƙasa rabi da rabi. Ga DVD na Turai suna tafiya hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, don haka fim ya ɗan fi sauri, murya ta ɗan siranta. A fim baƙi da fari haske da inuwa su ne rabin aikin darakta. Mandabi na Sembène, daraktan Senegal, na 1968, duk wanda ya san tsohon kwafinsa ya ga gyararren da StudioCanal suka fitar a Ingila a 2021 zai ce yau ya fara ganinsa. Har ɗinkin babbar rigar jarumin ana gani. BFI, cibiyar fina-finai ta Birtaniya, ma sun fitar da fim ɗinsa na 1966 a kwali mai Blu-ray da DVD tare. Irin wannan kwalin ya dace da ke Malama, ki kalli DVD yanzu, ranar da kika samu na'ura ga ɗayan.

Tsohon ɗan Plaza:
Yaro, lokacin da nake kallon fim ba a haifi malamin da ke koya maka ba.

Ɗalibin Jos:
Gaskiya ne Baba. Amma tambayar a kan faifai ce, ba a kan sinima ba.

Abban Husna:
Injiniya yana da shago, dole ya ce a sayi na'ura. Ɗalibi kuma a makaranta yake kallo kyauta. A cikinku wa ya taɓa asarar kuɗinsa? Wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta.

Injiniya Sabon Gari:
Haba Abban Husna. Ni na ce ta saya a wurina? Gyaran talabijin nake yi, ko na'ura ɗaya ba na sayarwa. In kana so ma ka kawo taka in duba, sau da yawa ɓangaren wuta ne kawai ke ƙonewa, ana canza shi.

Ummu Sadik:
Wani abu da babu wanda ya faɗa. Faya-fayan Ingila suna da alamar shekaru a jiki, U ko PG ko 12 ko 15 ko 18. Ki sa ya duba. Fina-finan Turai na shekarun 1960 da 1970 wasunsu ba na kallo da yara ko surukai ba ne, kuma hoton kwali ba ya nunawa. Ni duk wanda ya shigo gidana sai na fara kallonsa ni kaɗai.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan daga Faransa ake kawo mana, shiyya ɗaya ce, ba matsala. Sai dai ki kiyaye, bugun Faransa galibi fassarar Faransanci kaɗai gare shi. Na'ura ta hannu na same ta jikka 20 ta sefa. Abin da ke damuna shi ne, na Japan da na Italiya ina samunsu cikin sauƙi, amma na Oumarou Ganda, mutumin da ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Burkina Faso, a 1972, na gaji da nema a kasuwa. Ga cibiyar al'adu da sunansa a Yamai, amma tambayi matasa goma wa ya ga fim ɗinsa.

Ɗalibin Jos:
Ka taɓo inda ke min ciwo. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi daga farko har ƙarshe. Shekaru ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano asalinsa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Bahaushe nawa ne ya gan shi?

Tsohon ɗan Plaza:
To a nan mun haɗu da kai yaro. Kuma wannan ma ya yi sa'a, a faifan majigi aka ɗauke shi. Namu na kaset fa? Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin da sidi ya shigo, fina-finai nawa aka yi a Kano? Da can ka shiga Ƙofar Wambai kaset har rufi. Yau ina suke? Na san wani furodusa, ba zan kama suna ba, da na tambaye shi asalin kaset ɗin fim ɗinsa, ya ce ɗakin ya yi yoyo, fumfuna ta cinye. Fim ɗin da mutane suka yi layi a kansa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai tun da masu tura fim a waya suka zo, kowa ya watsar da kaset da sidi. Namu buhu guda yara suka fasa suna wasa da zaren. Waɗanda ake sakawa a YouTube kuma rabi ne, murya na gaba hoto na baya, ga tambarin mai tashar ya rufe fuskar jarumi.

Bazazzagiya:
Jama'a na gode, amma Yaya yana jiran amsa zuwa Juma'a. Injiniya, in na'urar daga can ce, za ta karanta tsofaffin DVD ɗina da na saya a nan?

Kanawan Dabo:
In irin masu fim 20 a faifai ɗaya ne, su ba su san wata shiyya ba, ko a murfin tukunya kika saka za su yi.

Ɗan Tudun Wada:
Baba ɗan Plaza, mahaifina ya bar kaset na Hausa kusan kwali biyu, suna ɗakin ajiya a Tudun Wada, wasu da farin abu a jikin zaren. Ban taɓa su ba tun rasuwarsa. Akwai mai wanke su ya juye a kwamfuta a Kano ko Kaduna?

Injiniya Sabon Gari:
Kada ka saka su a bidiyo tukuna, fumfunar za ta ɓata kan na'urar, zaren ma yana iya tsinkewa. Ka fito da su daga ɗakin nan, ka jera su a tsaye a wuri mai iska inda rana ba ta bugu. Ka ɗauki hoton sunayen da ke jiki ka turo mu gani.

Tsohon ɗan Plaza:
Ka turo da sauri ɗana. In akwai na kafin shekarar 2000 a ciki, ni zan biya kuɗin motar kawo su Kano.