Dashen albasar da muka kawo daga Galmi yana mutuwa, ina matsalar take?

Malamin SVT, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a wata lise (makarantar sakandare) a nan Tawa, kuma ni aka ɗora wa ƙungiyar kimiyya ta ɗalibai. Wata Asabar cikin Janairu na kwashi yara 23 muka tafi garaken albasa na Galmi. Mun bi ta Badagishiri, muka faɗa babban titi a Tsarnawa, muka wuce kamfanin siminti na Malbaza, hantsi ya yi muna can.

Wani dattijo ne ya karɓe mu a garkarsa. Wata ɗalibata da ba a kayar da ita a lissafi ta fito da littafi, ta tambaye shi lita nawa fangali ɗaya ke sha. Bai tanka ba. Ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya matse, ya buɗe hannu, sai ga ta a dunƙule. Ya ce, "Wannan yau ba ta so." Ya matsa gaba ya sake damƙa, ta warwatse tsakanin yatsunsa, sai ya je ya tada injin ruwa. A nan ne yaron da ke zama can ƙuryar aji, wanda tun Oktoba ban ji muryarsa ba, ya tuɓe takalmi ya karɓi fartanya. Ya buɗe bakin wannan fangali, ya toshe wancan da diddige, ruwa na bin sa kamar akuyar gida. Ashe ubansa mai garka ne a wajen Madawa. Ni kuwa maki 6 bisa 20 nake ba shi a aji.

Da za mu taso dattijon ya ba mu ragowar irin dashe, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Taya ta fashe mana a hanya, sai bayan isha muka shigo gari. Ranar Litinin da rana tsaka, lokacin fita shan iska, muka dasa a bayan aji. Wurin fako ne, sai da muka sha wuya kafin ya saru. Mai gadi ya taimaka da kashin kaji daga gidansa. Muna ba da ruwa da bokiti kullum da safe, ban da Asabar da Lahadi. Yau kwana 12, bakin ganyen ya yi rawaya, kusan rabi ya kwanta. Ciwo ne, ko mu ne? Kuma akwai sauran abin ceto?

Mai garka, Tarka:
Wa alaikumus salam mushe. Ku ne, ba ciwo ba ne. Iri in anka cire shi, ƙasa shika so ran nan ko wanshekare, kuma da marece ake dashe, rana ta yi sanyi. Ku kun bar shi kwana biyu cikin buhu sannan kunka kai shi ga rana tsaka. Kun datse ganyen ma? Mu muna yanke kan shi, saboda saiwar ba ta kama ba, ba ta iya ciyar da dogon ganye. Amma babban mugun shi ne kashin kajin nan. Ɗanye wuta ne. Ko na awaki sai ya daɗe cikin rami ya ruɓe muke sa shi. Wanda ya kwanta ku cire, wanda zuciyarshi ke kore ku bar shi, ku cika mishi ruwa kwana ukku a jere zafin takin ya sauka. Kuma albasa ba ta san Asabar da Lahadi ba. Ku ba yaron nan na Madawa makullin ƙofa.

Ma'aikaciyar noma, Yamai:
Baba mai garka ya gama magana a kan taki. Abin da zan ƙara, malam, ya shafi darasinka. Saiwar albasa gajera ce, yawancinta ba ta wuce taƙi ɗaya a ƙasa, shi ya sa kwana biyu ba ruwa a kan fako yake nuna a ganye nan da nan.

Kada kuma ka yi wa yara alkawarin manyan kawuna. Ƴar Galmi tana fara yin kai ne idan yini ya ƙara tsawo zafi ya shigo, ko ta girma ko ba ta girma ba. Kowane ganye shi ke zama ɓawo ɗaya na kan albasar, don haka wadda ta tara ganye da yawa cikin sanyi ita ke yin ƙato. Dalilin ke nan da masu garka ke zuba iri tun Oktoba, su dasa bayan kwana 40 zuwa 50, su cire wajen Maris. Naku ragowa ne, ya tsufa a wurin reno, kuma ya shiga ƙasa a makare.

Ka sa su buɗe tsakanin ƙananan ganyen da madubin ƙara girma. In sun ga ƴan ƙwari sirara suna gudu, ganyen kuma da zane-zane fari kamar azurfa, su ne masu tsotse shi. A daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece.

Fakon nan kuwa ni da tassa zan yi masa. Ramuka ne da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami, gara ta huda ƙasar, ruwan sama ya tsaya a ciki. Manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 suka ga yadda ake gyara ta, suka dawo suka farfaɗo da filayen da aka yafe. Kun wuce ta cikinsu a Badagishiri ba ku tsaya ba.

Uwar ɗaliba:
Mushe, ɗiyata na cikin tafiyar. Jika biyu na biya, kuma har ƙarfe tara ina bakin ƙofa, wayarka ba ta shiga. Don Allah wani karon a bar wa iyaye lambar direba. Ga garake nan Tadis, da ƙafa ma a je. Amma in faɗi gaskiya, tun da ta dawo ta ƙwace mini tsohuwar roba ta wanki, ta huda gindinta, ta shuka salati da yakuwa. Kowa ya zo alwala sai ta ce ya tsaya a kan robar.

Mai garka, Tarka:
Hajiya ta Yamai, dogon yaro shina aiki in ƙwarin ba su yi yawa ba. In sun cika, sai a yi ta feshi kamar ana yi musu wanka. Amma ga ƴan lakwal gara shi, kada a ba yara maganin kanti.

Malamin SVT, Tawa:
Na gode ƙwarai. Hajiya uwar ɗaliba, ki yi haƙuri, laifina ne, caji ya ƙare mini. Baba, ba mu datse ba. Yau mun ƙirga, 64 ne ke da koren zuciya, kuma mun ga ƙwarin, har yara na rige-rigen madubi. Yaron Madawa ya ce tun ranar Litinin ɗin ya san kashin kajin zai ƙone su. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ba a tambaye shi ba. Makulli na hannunsa yanzu, mun kuma raba wurin biyu, rabi da ciyawa a rufe, rabi a buɗe, mu ga wanda zai riƙe laima. Saura awakin unguwa da ke shigowa ta inda katanga ta zube. Wa ya san inda ake samun ƙaya ko zana da araha a Tawa?